Dam ɗin Tiga da Tafkinsa a Kan Kogin Kano

Dam ɗin Tiga ganuwa ce ta ƙasa da aka gitta wa Kogin Kano, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano, yamma da garin Rano. An fara gina shi a 1971, aka kammala a 1974, zamanin gwamnan soja na farko na Jihar Kano, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako. Tsawon ganuwar ya kusa kilomita 6, tsayinta a inda ta fi tudu mita 48 ne. Tafkin da ya taru a bayanta, idan ya cika maƙil kamar yadda aka tsara shi tun farko, yana shafe murabba'in kilomita 178, yana kuma riƙe ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2. Jikin ganuwar da garin Tiga suna cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji, amma ruwan ya taɓa ƙasar Rano ta wajen Rurum, ya kuma miƙa kudu cikin ƙasar Tudun Wada. Duk cikin madatsun ruwan Jihar Kano babu wadda ta kai shi.

Kogin Kano yana tasowa ne daga duwatsun kudancin jihar, wajen Riruwai a ƙasar Doguwa, inda ƙasa ta fara hawa zuwa tsaunukan Jos. Daga nan ya ratsa dajin Falgore, wanda a da ake kira gandun dajin Kogin Kano, ya nufo arewa har ya haɗu da Kogin Challawa a kusa da Tamburawa. Bayan sun haɗu sai su bi ta Wudil su zama Kogin Haɗejiya. Wannan yanki na kudu ya fi ko'ina samun ruwan sama a jihar, kuma ƙarƙashin ƙasarsa dutse ne, irin wanda ya ɓullo fili a duwatsun da suka kewaye Rano. Ƙasa mai dutse a ƙarƙashi ba ta shanye ruwa da yawa. Abin da sama ta zubar a Yuli da Agusta yakan gangara cikin rafuka nan da nan, shi ya sa kogin yake da hali biyu. Da damina ya cika ya tumbatsa, ya hana ƙetarawa, ya malale fadamu. Daga kaka ya soma janyewa, kafin bazara ya koma shimfiɗar yashi, sai an tona a sami na sha.

Mutanen bakin kogi sun daɗe da sanin yadda za su ci moriyar wannan hali. Idan ruwa ya janye ya bar laka da danshi, sai a shiga fadama a dasa rake, a shuka albasa da dankali da barkono. Inda danshi bai wadatar ba a haƙa 'yar rijiya a kafa jigo, mutum ya wuni yana ɗaga guga yana juyewa a kwami. Fulani suna saukowa da shanu su ci ciyawar da ambaliya ta tsirar, masunta su kama kifin da ya maƙale a gurabe. Rano tsohuwar ƙasar noma ce da rini, har tarihin Hausa Bakwai ya haɗa ta da Kano a matsayin sarakunan baba. Sai dai noman rani na wancan lokacin ƙarami ne, iyakarsa inda ƙarfin hannu ya tsaya. Yawancin manoman Rano da Kibiya da Bunkure gero da dawa da gyaɗa suke nomawa, idan an yi girbi kuwa samari da yawa su tafi cin rani.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a watan Mayu na 1967, sabuwar gwamnati ta tarar da jiha mai cunkoson jama'a, gonaki ƙanana, damina ta wata huɗu zuwa biyar, ga kuma birni da ke girma ya fi ƙarfin tsohon gidan ruwa na Challawa. Audu Bako ya ɗauki tare ruwa a matsayin babban aikinsa. An fara da ƙaramin dam na Bagauda kusa da hanyar Zariya, wanda aka gama a 1970, kuma da ruwansa aka buɗe gonar gwaji a Kadawa don a ga ko alkama da tumatir za su karɓi ƙasar. Wani kamfanin injiniyoyi na ƙasar Holan mai suna NEDECO ya zana babban shirin noman rani na Kogin Kano, wanda kashinsa na farko zai shayar da hekta 22,000. Wannan shiri ba zai yiwu ba sai da babban rumbun ruwa a sama da shi, a wurin da ya fi gonakin tudu, yadda ruwa zai gangaro da kansa ba tare da inji ba. Aka duba aka zaɓi Tiga.

Ana cikin ginin ne farin 1972 da 1973 ya auka wa ƙasashen Sahel. Dabbobi suka mutu, amfanin gona ya ƙone, mutanen Nijar da na arewacin jihar suka kwararo kudu neman abinci. Duk wata jayayya da za a yi a kan kuɗin da aikin ke ci sai fari ya kashe bakinta, kuɗin man fetur kuma da ya hauhawa daga ƙarshen 1973 ya sauƙaƙa wa gwamnatoci kashewa. Wani abin lura a nan shi ne, ma'aikatan ruwa na jihar ne suka riƙe aikin ginin, waɗanda daga baya aka tattara su a wata hukuma mai suna WRECA. Da ƙwarewar da suka samu aka ci gaba da gina wasu madatsun ƙasa a jihar cikin shekarun 1970 da farkon 1980, irin su Tomas da Jakara da Gari da Kafin Ciri da Watari.

Dalilin zaɓar ƙasa maimakon kankare a bayyane yake. Kwarin Kogin Kano a Tiga ba matsattsen lungu ba ne tsakanin duwatsu biyu, buɗaɗɗe ne mai faɗi. Ganuwar siminti mai tsawon kilomita 6 za ta ci kuɗin da jiha ba ta da shi, alhali ƙasar gini tana nan kwance a wurin. To amma dam ɗin ƙasa ba tarin ƙasa ba ne kawai. Da farko ana share ciyawa da baƙar ƙasar sama, a haƙa rami a tsawon layin ganuwar har a cimma ƙasa mai tauri ko dutse, don kada ruwa ya sulale ta ƙarƙashi. A tsakiya ake ɗora zuciyar dam, wato yumɓu mai danƙo wanda ruwa ba ya ratsawa da sauƙi. Motoci su juye shi, katafila ta baje shi shimfiɗa-shimfiɗa, kowace ba ta kai taƙi biyu kauri ba, tankar ruwa ta yayyafa masa daidai gwargwado, sannan injin daɓe ya bi ta kai sau da yawa. Idan yumɓun ya bushe da yawa ba zai kama ba, idan ya jiƙe da yawa ya zama caɓi. Don haka masu awo ke ɗibar samfuri daga kowace shimfiɗa kafin a ba da izinin ɗora ta gaba. Aiki ne irin na daɓen ɗaki, sai dai nan ana maimaita shi ɗaruruwan sau har a kai tsayin mita 48. A gefe da gefen zuciyar ake jibga ƙasa mai tsakuwa don ta ba ganuwar nauyi. A bayan yumɓun kuma akan jera yashi da tsakuwa su zama matata: ɗan ruwan da ya tsiyayo ya wuce, amma ƙwayar yumɓu ba za ta bi shi ba. Fuskar da ke kallon tafki ana lulluɓe ta da fasassun duwatsu saboda dukan igiyar ruwa, ta baya kuma a bar ciyawa ta kama ta saboda zaizayar ruwan sama.

Babu dam ɗin ƙasar da ba ya tsiyaya, kuma injiniyoyi ba sa tsoron tsiyaya muddin ruwan da ke fita garau ne, yawansa kuma bai canja ba. Abin tsoro shi ne ya fara fitowa da laka, don alama ce ta cewa yana sassaƙe cikin ganuwar yana yi wa kansa hanya. Haka ta faru da dam ɗin Teton a Amurka a 1976, ya fashe tun ana cika shi karon farko. Abu na biyu da ganuwar ƙasa ba ta jurewa shi ne ruwa ya hau kanta. Kankare zai iya ɗaukar haka, amma ƙasa da zarar ruwa ya tsallake ta ya fara cin bayanta, cikin sa'o'i kaɗan sai ya tsaga ta. Saboda haka ake yi wa kowane irin wannan dam mafitar rara a gefe, ƙasa da kan ganuwar, inda ruwa zai bi ya koma kogi idan tafki ya cika. Ta Tiga ba ta da ƙofar da ake buɗewa ko rufewa. Da ruwa ya kai bakinta sai ya malala da kansa. Abin da ma'aikata ke iya juyawa da hannunsu shi ne bawul ɗin da ke sakin ruwa cikin babban kanal da wanda ke sakinsa cikin kogi, kuma abin da waɗannan ke fitarwa kaɗan ne idan aka gwada da abin da ke shigowa tafkin a tsakiyar Agusta. Yawancin abin da ya biyo baya a tarihin dam ɗin yana komawa ne ga wannan tsari.

Kafin ruwa ya taru sai da aka tashi mutane. Sama da mutum 10,000 ne suka bar gidajensu da gonakinsu da kushewun iyayensu a kwarin da tafkin ya cinye, aka sake musu matsuguni a kan tudu. Sun bar fadama mai laka sun koma jigawa, wasu kuma filin da aka ba su bai kai wanda suka rasa ba. Diyya ta zo, amma kuɗi kan ƙare, gona kuwa ba ta ƙarewa. Abin da ya fi ciwo shi ne, waɗanda suka ba da ƙasarsu suna zaune ne a saman dam, ruwan kuwa ƙasa yake gangarawa. Suna ganin tafki daga ƙofar gida, amma kanal bai bi ta gonakinsu ba. Mai bincike Tina Wallace, wadda ta yi aiki daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a ƙarshen shekarun 1970, ta rubuta a kan halin da waɗannan mutane da ƙananan manoman cikin shirin suka shiga, kuma rubutunta na cikin na farko da suka tambayi wa ke cin ribar manyan ayyukan ban-ruwa a arewacin Nijeriya.

Babban kanal ɗin yana fita daga dam ya nufi arewa maso gabas cikin ƙasar Rano, ya zuba a wani ƙaramin tafki, na Ruwan Kanya, wanda shi ma ganuwar ƙasa ce ta tare shi, aka gama shi jim kaɗan bayan Tiga. Ruwan Kanya zango ne: yana riƙe ruwa kusa da gonaki yadda za a iya daidaita abin da ake saki. Daga nan kanal ya ci gaba ya rabu biyu, reshen gabas ya nufi Bunkure, reshen yamma, wanda ya fi girma, ya bi ta Kadawa da Garun Malam zuwa Kura. Gangaren ƙasa ne ya yanke hukuncin wanda zai samu da wanda zai rasa. Rano ta ba da hanya, tana kuma da Ruwan Kanya a ƙasarta, amma shimfiɗaɗɗun filayen da ruwa ke iya malalewa da kansa suna arewa da ita. Kibiya da garuruwanta irin su Tarai da Durba, da ke gabas, ba su shiga shatar shirin ba sam. Noman ranin da ake yi a can na fadama ne da rijiyar burtsatse da ƙaramin injin ban-ruwa, wanda ya maye gurbin jigo daga shekarun 1980. Ko Masarautar Rano ta yanzu, wadda aka sake kafawa a 2024 da ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya, ta haɗa iri uku ne: mai riƙe da hanyar ruwa, mai shan ruwan, da wanda ke jiran sama.

A cikin shirin, gwamnati ba ta ƙwace gonaki dungurungum ba. An karɓe su ne aka share itatuwa, aka daidaita ƙasa, aka yanka ta, sannan aka mayar wa masu su bayan an cire wani kaso na hanyoyi da magudanai. An raba filin zuwa sassa, kowane da ƙaramin kanal ɗinsa, da yawa kuma da tafkin dare, inda ruwan da ke gudu bayan manoma sun tashi yake taruwa a yi amfani da shi da safe. A bakin gona manomi ba ya fasa gefen kanal. Yana da lanƙwasasshen tiyo na roba, ya nutsa shi cikin ruwa ya cika, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya ɗaga shi da sauri ya tsallakar da shi kan gefen kanal ya saki. Ruwa ya ɗauki zuba cikin kunya da kansa. Wanda ya ƙware zai jera tiyo goma kafin baƙo ya tayar da ɗaya. Wannan ruwa tun daga Tiga babu injin da ya tura shi, kuma wannan ce babbar fa'idar shirin a kan ayyukan da suka dogara da famfo da man dizal, irin na kudancin Tafkin Cadi, wanda ya tsaya cik da tafkin ya ja baya.

Alkama masu tsarin suka fi so, don a rage sayo ta daga waje. Ana shuka ta a Nuwamba ta ci sanyin hunturu, a girbe a Maris. Ta yi tashe sosai bayan gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, ta kuma ja baya da aka ɗage hanin a 1992. Manoma dai lissafinsu daban yake da na ofis. Tumatir ya fi kawo kuɗi a hannu, shi ya sa ya mamaye Kadawa da kewayenta, kasuwar Kwanar Gafan ta zama wurin da manyan motoci ke lodin kwanduna zuwa Legas da sauran biranen kudu. Shinkafa kuma, wadda ba ta da babban matsayi a tsarin farko, ta zo ta zama sarauniyar damina a filin, har Kura ta cika da masu turara ta da injinan casa. Masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 ta ci karo da tsutsar da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonaki a shekarar, daga baya kuma ta yi ta fama da rashin isasshen tumatir a farashin da zai biya ta. Hekta 22,000 ɗin da aka zana kuwa shekaru da dama ba a kai gare su ba. An daɗe ana noma abin da bai wuce kashi biyu cikin uku ba.

Dam ɗin bai daɗe a hannun jiha ba. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, Tiga da shirin noman ranin suka koma ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, mai hedikwata a Kano. Idan aka gwada da Bakolori a kan Kogin Sakkwato, inda rikicin diyya da ƙwace gonaki ya kai ga 'yan sanda suka harbe manoma a 1980, za a ce aikin Kogin Kano ya zo da sauƙi. Amma sauƙin ba ya nufin kowa ya tsira da gonarsa. Noman rani yana son taki da iri da kuɗin lebura a lokacin da talaka ba shi da su, don haka da yawa suka riƙa ba da hayar filayensu ga 'yan kasuwa da ma'aikatan birni, su koma yi musu ƙwadago.

A watan Agusta na 1988 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Kano da kewayenta, dam ɗin Bagauda ya ɓalle. Ruwan ya share gonaki da gidaje, aka rasa rayuka. Bagauda bai fi kubik mita miliyan 22 yake riƙewa ba. Tiga, da ke 'yan kilomitoci kaɗan daga nan, ya ninka shi kusan sau 90, kuma a ƙasansa akwai Kura da Tamburawa da Wudil. Wannan ya sa aka sake duba lafiyar ganuwar Tiga da idon basira, a 1992 kuma aka sassaƙe bakin mafitar rararsa aka rage mata tsayi da mita 3.5. Tun daga lokacin tafkin ba ya kaiwa inda yake kaiwa a da. Nauyin da ke kan ganuwar ya ragu, tazarar da ke tsakanin ruwa da kanta ta ƙaru, amma an sadaukar da kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da yake iya ajiyewa. Alƙaluman biliyan 2 da ake yawan ambata na tsarin farko ne. A shekarar ce kuma aka kammala dam ɗin Challawa a ƙasar Ƙaraye, wanda ya tare ɗaya babban reshen Kogin Haɗejiya.

Ko Tiga yana hana ambaliya? Amsar ta danganta da watan da ake magana. Ba don ambaliya aka gina shi ba, don ajiya ne, sai dai ajiyar kanta tana tare ambaliya. A farkon damina tafkin yana ƙasa saboda abin da aka sha da rani, don haka duk ruwan Yuni da Yuli da ya sauko daga Falgore a ciki yake tsayawa. A shekarar da ruwan sama ya yi ƙaranci, tafkin ba ya ma kaiwa bakin mafita, kogi ba ya ganin komai sai abin da aka sakar masa. Amma a shekara mai ruwa, idan ya cika a ƙarshen Agusta ko Satumba, duk abin da ya shigo ta sama zai fita ta mafita, faɗin tafkin ya ɗan rage masa kaifi kawai. Haka aka yi a ƙarshen daminar 2001, lokacin da Tiga da Challawa suka yi rara tare, ruwa ya ci garuruwa da dama a jihohin Kano da Jigawa. A irin wannan lokaci akan ji ana cewa an buɗe dam. A Tiga dai babu abin da aka buɗe. Inda za a iya kama ma'aikata da laifi shi ne tun kafin nan: da sun rage ruwa a farkon damina da tafkin ya sami wurin karɓar na ƙarshe. Su kuma suna da tasu hujjar, domin idan suka rage sannan damina ta yanke, alkama da tumatirin rani da ruwan shan Kano ne za su biya. Rage tsayin mafitar da aka yi a 1992 ya ƙara tsananta wannan zaɓi, tunda tafki mai ƙaramin ciki ya fi saurin cika.

Akwai kuma waɗanda hana ambaliyar ne ya cuce su. Daga Haɗejiya zuwa Nguru da Gashuwa kogin yana bajewa cikin wata babbar fadama, inda dubban ɗaruruwan mutane ke rayuwa a kan zuwan ruwa da janyewarsa: shinkafa idan ya zo, wake da alkama da kayan lambu idan ya janye, kifi da kiwo a tsakani. A shekarun 1950 da 1960 ambaliya takan rufe sama da murabba'in kilomita 2,000 a can. A shekaru da yawa na 1980 ba ta kai rabin haka ba. Fari yana da nasa kaso a wannan, amma Tiga ma yana da nasa. A farkon shekarun 1990 masana uku, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka auna abin da ruwa ke samarwa a fadamar da abin da yake samarwa a shirin Kogin Kano, suka gano cewa a kan kowane ma'auni na ruwa fadamar ta fi riba nesa ba kusa ba. Ana iya jayayya da wasu lissafe-lissafensu, musamman yanzu da shinkafa da tumatir suka ɗaga darajar gonakin Kura. Abin da ba a jayayya da shi shi ne, lokacin da aka zana Tiga ba a saka mutanen Haɗejiya da Yobe a lissafi ba.

Ɓarnar ma ba ta tsaya ga raguwar ruwa ba. Kogin da ya saba bushewa da rani yanzu yana gudu shekara duka, saboda ruwan da ake saki don gidajen ruwa na Kano da wanda ke tsiyayowa daga gonaki. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi ciyawar kacalla ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗejiya, ta tara laka, ta karkatar da kogi zuwa Nguru, inda gonaki suka nutse, alhali wasu rassan sun bushe. Tsuntsayen jan-baki kuma suka sami maɓoya a cikinta suna faɗa wa shinkafa da gero. Wannan ne ya kai jihohin da ke kan kogin ga kafa asusun haɗin gwiwa a 2006 don kula da rabon ruwa da yashe hanyoyinsa.

Tafkin kansa ya haifar da tasa rayuwar. Masunta sun zo daga wurare daban-daban sun kafa zango a bakinsa, suna kama ƙarfasa da tarwaɗa da ragon ruwa, 'yan kasuwa na kwasa zuwa Kano ɗanye da banda. Inda ruwa ya ja baya da rani manoman gefen tafki suna bin danshin su shuka, wato sun maido da tsohon noman fadama a sabon wuri. Otal ɗin Rock Castle da Audu Bako ya gina a kan dutse yana kallon ruwa, da na Bagauda, an yi su ne don masu yawon buɗe ido, burin da bai cika ba. Na Bagauda ya zama reshen Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya. Ruwan kwance ya kawo sauro, kanal kuma ya zama gidan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, cutar da ta yi yawa tsakanin yaran da ke wanka a ciki. Rana tana shan nata kason, don tafki mai wannan faɗi a ƙasa mai zafi yana asarar ruwa mai yawa ta tururi kowace shekara. Daga sama kuwa, sare itatuwa da faɗaɗa gonaki a Tudun Wada da Doguwa da gefen Falgore suna ƙara yashi da lakar da ke kwantawa a gindin tafkin.

Zuwa shekarun 2000 kanal-kanal ɗin sun tsufa, siminti ya tsattsage, ciyawa da laka sun cike tafkunan dare, manoman ƙarshen layi suna kwana a gona suna jiran ruwan da na farkon layi suka tare. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na gyaran manyan ayyukan ban-ruwa a arewa, kuma Kogin Kano na cikin waɗanda aka fi kashe wa kuɗi. An gyara kanal, an yi aikin ƙarfafa tsaron dam ɗin Tiga da na Ruwan Kanya, an kuma miƙa kula da ƙananan magudanai da karɓar kuɗin ruwa ga ƙungiyoyin manoma masu amfani da shi. Gyaran ya tilasta rufe ruwa a wasu lokutan rani, abin da ya jawo ƙorafin manoman da suka rasa noman shekara. Gwamnatin jiha ita ma ta kafa injinan lantarki na megawat 10 a Tiga, da nufin ba gidan ruwa na Tamburawa da fitilun titin Kano wuta. Fashewar dam ɗin Alau a watan Satumba na 2024, wadda ta nutsar da babban ɓangare na Maiduguri, ta sake jawo hankali kan tsofaffin madatsun ƙasa na arewa, Tiga kuwa a shekarar ya cika 50. Masu neman ruwansa yanzu sun haɗa da manoman Kura da Bunkure da Garun Malam, da birnin Kano, da shirin noman rani na kwarin Haɗejiya a Auyo, da mutanen fadamar Nguru, da injinan lantarki, kuma kowannensu da watan da ya fi son a sakar masa.